Lissafin Baba Cindo

Suna ɗaya muka ba su duka a garinmu,
malam-buɗe-littafi, shi ke nan,
kamar a kira duk mutanen kasuwar Doguwa da "wane".
Baba Cindo ne ya ƙi yarda.

Shekara talatin yana gadin gandun daji
a gindin duwatsun Riruwai.
Albashinsa bai taɓa ganin ƙarshen wata ba,
amma idonsa ya yi arziki.
Yatsa shida gare shi a hannun dama,
ya ce an ƙara masa ɗaya ne saboda ƙirga.

Na bi shi wata Laraba cikin marka,
ina 'yar shekara tara, takalmin roba a hannu.
Ƙasa ta sha ta ƙoshi,
ƙorama na ta surutu ita kaɗai.
Ya ce, "Lantana, rage tafiya.
Mai sauri ganye kawai yake gani."

A bakin ruwa, inda shanu suka yi fitsari,
sai ga su jingim a kan danshin yashi,
rawaya kamar an fasa ƙwai ɗari.
"Waɗannan 'Yan Gwaiduwa ne, ba su san kunya ba.
Wancan mai wutsiya biyu, Alhaji Babbar Riga,
ba ya sauka sai ya zaga sau uku.
Ga Tawada-ta-zube. Ga Mai Ido a Baya,
da ke harar tsuntsu da idon da ba ya gani."

Muka hau.
Ƙarƙashin ɓaure 'ya'ya sun ruɓe suna tsami,
na kai hannu zan ɗauki busasshen ganye,
ganyen ya tashi ya bar ni da baki buɗe.
Baba ya yi dariya har da tari:
"Maƙaryaci kenan. Ya ci ki."

Kowanne da itacen da ya raine shi, in ji shi.
Tsutsar wani sai maje, ta wani sai taura,
wata ko yunwa za ta kashe ta
ba ta taɓa ganyen da ba na gidansu ba.
Ka sare itace ɗaya, ka rufe littafi guda,
ba wanda zai ji ƙarar rufewar.

Can sama, inda dutse ya tsage inuwa ta kwanta,
ya sa yatsa a leɓe.
Wani shuɗi ya gifta, shuɗin da ya fi na marina,
sau ɗaya, kamar ƙiftawar ido.
Bai ba shi suna ba.
Ya dai lanƙwasa yatsan nan na shida,
ya ce, "Arba'in da uku."

Bana na koma, shekara bakwai da rasuwarsa,
da raga da kyamara da kundin jami'a
cike da sunaye masu wuyar faɗa.
A hanya na ƙirga buhun gawayi sittin
an jingina su suna jiran mota.
Majen da muka sha inuwarsa ya zama kututture,
wani ya zauna a kai yana cin rake.

'Yan Gwaiduwa na nan, ba abin da ya dame su.
Maƙaryaci ya sake cina, na ji daɗi.
Alhaji ya zo a makare, rigarsa a yage.
Kwana tara ina hawa ina sauka,
lissafina ya tsaya a ashirin da shida.

Wataƙila ruwa ne bai zauna ba.
Wataƙila idona bai kai nasa ba,
na fi son a ce hakan ne.

Ran ƙarshe na zauna a bakin tsagar dutsen
har la'asar ta yi sanyi.
Wani abu ya motsa a cikin inuwar,
ban ga launinsa ba.
Na duba hannuna.
Biyar ne.